Daga Malaman Taki zuwa Madatsar Tiga: Tarihin Ƙidaya da Tsarin Raya Karkarar Kano

Kowace hukuma da ta yi nufin gina makaranta, ko haƙa rijiya, ko buɗe ɗakin shan magani a wata gunduma, wajibi ne ta fara sanin yawan mutanen da ke zaune a wurin, da hanyar cin abincinsu, da abin da suka rasa. Magana ce mai sauƙin faɗi, amma tarihin ƙasar Kano ya nuna wuyar aikata ta. Kaɗan ne daga yankunan karkara na Afirka ta Yamma aka ƙidaya, aka auna, aka kuma rubuta rahoto a kansu kamar ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, watau ƙasashen Ungogo, Kumbotso, Gezawa, Minjibir, Kura, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Duk da haka, sau da yawa abin da mahukunta suka tsara a takarda daban, abin da manomi ya yi a gonarsa daban.

Kafin zuwan Turawa, sarakunan Kano ba su ƙidaya kawunan talakawa. Abin da hukuma ta kula da shi shi ne ƙasa da amfaninta. Akwai zakka a kan hatsi, da kuɗin ƙasa, da kuɗin shuka a kan irin su rake da taba da albasa, da kuɗin karofi a kan marina, da jangali a kan shanu. Hakimai a birni suke zaune, garuruwan da suke riƙe da su kuwa a warwatse suke, wani a gabas wani a yamma, kuma jakadu ne ke kai da kawowa tsakanin hakimi da dagatansa. Wannan ba ya nufin hukuma ba ta san ƙasarta ba. Sanin yana nan, sai dai a kan jakada da dagaci da mai unguwa yake, ba a cikin littafi ba. Jakada ya san garin da fara ta faɗa wa bana, ya san wanda ya yi albarka. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya kimanta mutanen birnin da kusan 30,000, ya kuma ce tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar, ana fita da su har Tambutu da Tarabulus, kuɗinsu ba zai gaza wuri miliyan 300 a shekara ba. Abin lura shi ne yawancin wannan saƙa da rini a ƙauyuka ake yin su, a garuruwa irin su Kura. Tun a wancan zamani mutumin karkarar Kano bai dogara ga noma kaɗai ba.

Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Matsalarsu ta farko ita ce kuɗi, domin mulkin Arewa a lokacin da tallafin baitulmalin Ingila yake tafiya, kuma Gwamna Lugga yana so ƙasar ta riƙe kanta. Da dokokin haraji na 1904 da 1906 aka nufi a haɗe harajojin gargajiya su zama guda, a raba abin da aka tara tsakanin gwamnati da sarki. Domin a san inda kuɗin ke fitowa, sai aka yanka ƙasar gunduma-gunduma, kowace a haɗe wuri ɗaya, aka umurci hakimai su bar birni su koma cikin gundumominsu, aka kuma soke aikin jakadu. Razdan na Kano da aka yi wannan aiki a zamaninsa, Dokta Cargill, har laƙabi Kanawa suka yi masa da Mai Gunduma. Gundumar da a yau ake ɗauka tamkar daɗaɗɗen abu, asalinta ma'aunin karɓar haraji ce.

Daga nan aka shiga zamanin rahoton kimanta haraji. Ana tura ƙaramin jami'in mulki ya yi makonni yana rangadi a gunduma guda. Zai rubuta tarihin sarautarta kamar yadda dattawa suka faɗa masa, ya ƙidaya maza baligai da mata da yara, da shanu da tumaki da jakuna, da masaƙa da marina da maƙera da mahauta. Sa'an nan ya zaɓi waɗansu gonaki ya auna, ya tambayi dami nawa aka samu, ya duba farashin hatsi a kasuwa, ya lissafa abin da magidanci yake samu a shekara. Ƙa'idar da ake bi ita ce haraji ya zama kimanin kashi ɗaya cikin goma na wannan samu. Da yawa daga rahotannin nan suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kuma ɗalibin tarihi ba zai sami kamarsu ba wajen sanin yadda karkara take a farkon ƙarni na 20. Amma dole ya karanta su da lura. Wanda ake tambaya ya san dalilin tambayar. Manomin da Bature ya tsaya a kansa da alƙalami yana neman sanin damin dawarsa ba zai ƙara ko ɗaya ba, makiyayi kuwa ya san dajin da zai kora rabin garkensa idan lokacin jangali ya ƙarato.

A gundumomin da ke kusa da birni an bi wata hanya dabam, wadda aka fi sani da taki. Tun da gonakin wurin a kafe suke, kowace da iyakarta da mai ita, sai aka ga ya fi kyau a ɗora haraji a kan faɗin gona. Aka horar da malamai, waɗansunsu a makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, su riƙa taka tsawon gona da faɗinta da ƙafa, su lissafa eka nawa ce, su rubuta sunan mai ita. Dabarar tana da kyau a takarda. A aikace kuwa, gonakin Hausa ba murabba'i ba ne, takun wani malami ya fi na wani faɗi, kuma takun yakan ƙara faɗi idan mai gona ya san abin da ya kamata. Bugu da ƙari, eka guda ta jigawa da eka guda ta kusa da gida wadda ta sha taki shekara da shekaru ba amfaninsu ɗaya ba. Sa'an nan gona ba ta zama a hannu ɗaya: ana gadonta a raba, ana sayarwa, ana jinginarwa, ana ba da aro. Kafin malaman taki su gama zagaya gunduma, littafin da suka fara da shi ya tsufa. Daga baya En'e ta Kano ta maye gurbin taki da awon igiya a waɗannan gundumomi, aka zana taswirar gonaki ɗaya bayan ɗaya, kuma taswirorin nan sun amfani masu bincike na baya fiye da yadda masu zana su suka yi zato.

Duk wannan awo bai hana Turawa yin babban kuskure ba a kan abin da ƙasar za ta iya fitarwa. Sa'ad da aka amince da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano a 1907, auduga aka sa a gaba. Masu masaƙun Lankasha sun ji labarin ƙasar da kowane ƙauye ke noma auduga, suka ɗauka da zarar jirgi ya iso za ta kwararo musu. Abin da ba su lissafa ba shi ne masaƙan gida suna sayen audugar da tsadar da ta fi farashin da kamfanin Turawa ya yanka. Jirgi ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa a 1912, sai ga gyaɗa ta cika tasha. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Manomi ya yi nasa lissafin: gyaɗa tana yi a jigawa, ba ta cin aiki kamar auduga, harawarta abincin dabbobi ce, idan kasuwa ta faɗi kuma ana iya cinta. Fataken goro na Kano, waɗanda suka san kowane ƙauye da kowane dillali, su ne suka yaɗa labarin farashi suka kuma ba da kuɗin kafin girbi. Babu rahoton kimanta haraji ko ɗaya da ya sa a noma gyaɗa. Rahotannin daga baya suka bi sawunta.

A daidai wannan lokaci ne aka ga illar harajin da aka yanka shi da kuɗi tsayayye. Ruwan da aka yi a Kano a daminar 1913 bai kai inci 20 ba, alhali an saba samun sama da 30, kuma a 1914 aka yi yunwar da ake kira Ƙaƙalaba, wadda ta hallaka dubun-dubatar mutane a lardin. Zakkar da ake fitarwa a da tana bin amfanin gona, idan an samu da yawa a ba da da yawa, idan an rasa babu. Harajin da aka lissafa a kan matsakaiciyar shekara kuwa bai san fari ba, kuma ana neman sa ne da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha, sai magidanci ya sayar da abin da zai dawo ya saya da tsada a tsakiyar damina. Masanin nan Michael Watts, a binciken da ya wallafa a 1983 kan tarihin yunwa a Arewa, ya ɗora nauyi mai yawa a kan wannan batu.

Ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya ma a kan littattafan haraji ta daɗe tana tafiya. Ta 1921 da ta 1931 a Arewa yawancinsu tattara alƙaluman En'e ne, in ban da ƙauyuka kimanin 200 da 'yan garuruwa da aka bi gida-gida a 1931. Sai a 1952 aka yi ƙidayar da ta amsa sunanta, wadda ta ba Jihar Arewa mutum miliyan 16.8, kuma masana da yawa suna ganin ko ita an rage, domin har lokacin talaka yana jin ƙidaya da haraji abu ɗaya ne. Ga kuma kunyar faɗin yawan 'ya'ya, musamman ɗan fari, ga gidajen kulle da malamin ƙidaya ba ya wuce zaure.

Da siyasa ta shigo, sai al'amarin ya juye. Yawan jama'a ya zama shi ne ma'aunin kujerun majalisa da rabon arzikin ƙasa, wanda a da yake ɓoye mutanensa yanzu ya fi son a ce suna da yawa. An soke ƙidayar 1962 saboda gardama. Ta 1963 ta ba Nijeriya miliyan 55.7, Arewa miliyan 29.8, Lardin Kano kuwa kusan miliyan 5.8, kuma da ita aka yi ta aiki shekara 28, domin ta 1973, wadda ta ce miliyan 79.8, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975. An ga sakamakon wannan duhu a 1976, sa'ad da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta: an shirya wa yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya a duk ƙasar, sai kusan miliyan 3 suka bayyana, aka rasa azuzuwa da malamai.

Binciken da ya fi kowane haskaka karkarar Kano ya zo ne ta hanyar tsara birni. A farkon shekarun 1960 aka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta, wadda B. W. Trevallion ya rubuta mata tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Hukumar ta nemi malaman Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello su binciko mata halin ƙauyukan da birnin zai faɗaɗa cikinsu, kuma Michael Mortimore da J. Wilson suka miƙa rahotonsu a 1965. Sun ware yankin da yawan jama'arsa ya haura mutum 350 a kowane murabba'in mil, suka same shi ɗauke da mutane kimanin miliyan 2.4. A tsakiyarsa an nome fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar, kuma saura ta kusan ƙarewa, watau gona ba ta hutawa ko shekara guda.

Bisa ilmin aikin gona na wancan lokaci, ƙasa irin wannan ta kama hanyar mutuwa: jama'a sun yi yawa, za a sare itatuwa, ƙasa ta gaji, hamada ta shigo. Abin da masu binciken suka tarar ya saɓa wa haka. Manomi yana ɗaure awaki da tumaki a gida da damina, yana ciyar da su da ciyawar da ya cire a gona da harawar wake da ta gyaɗa, da rani kuma ya kwashe takinsu ya kai gona. Jakuna suna shiga birni da itace da hatsi, su fito da shara da toka da takin dabbobi, har ya zama iyakar tafiyar jaki ta yini guda ita ce iyakar gonakin da suka fi samun taki. Ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, abin da malaman gona suka daɗe suna kira rashin tsari, sai da binciken David Norman a ƙauyukan Zariya ya nuna cewa haɗa shukar ya fi riba a kan kowace eka, ya kuma fi tsare manomi daga asara. Itatuwan gona kuwa, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da kanya, kowanne da mai shi, ana sassabe reshe ba a kayar da uwa. Wani bincike da malaman Jami'ar Bayero suka yi a shekarun 1980, suna gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, ya nuna cewa yawan itatuwan gonakin da ke kusa da birni bai ragu ba duk da farin da aka sha. Itacen girkin birni daga dazuzzuka masu nisa ake kawo yawancinsa. Da an bi zaton farko, da an kashe kuɗi wajen koya wa manomin Ungogo abin da ya riga malaminsa sani.

Sai dai kada wannan ya sa a ɗauka karkarar tana cikin wadata. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɗorayi a 1971 zuwa 1972, ta duba abin da matsakaicin lissafi yake ɓoyewa. Ta tarar da manyan gidaje, waɗansu da mutum fiye da 100 a ciki, da 'yan magidanta masu gonaki da yawa, da kuma masu yawa waɗanda gonarsu ba ta ciyar da su ko 'yan watanni, har da waɗanda ba su da ko taki ɗaya. Matalauci yana yi wa wani ƙwadago a daidai lokacin da gonarsa ke bukatar noma, ba shi da dabbar da za ta ba shi taki, don haka abin da yake girba a eka guda bai kai na mai hali ba. Idan jami'i ya raba faɗin gonakin gunduma da yawan magidanta ya ce kowa yana da eka kaza, ya faɗi lissafin da babu gidan da ya dace da shi. Ita ce kuma ta jawo hankali, tun a bincikenta na Batagarawa a ƙasar Katsina, ga cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida ta hannun yara masu talla: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, fura, daddawa, har da hatsi. Wannan kasuwa ce babba wadda ba ta da rumfa, kuma mai ƙidayar da aka tsayar a zaure yakan rubuta matan gidan a matsayin marasa sana'a. Haka nan watan da aka yi ƙidaya yana sauya sakamakonta, saboda cin rani da almajiranci. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙidaya mutum fiye da 250,000 suna fita daga Lardin Sakkwato kaɗai.

Farin 1972 zuwa 1973, da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur, su suka sauya tunanin masu tsari. Dalar gyaɗa ta ɓace, gwamnati kuma ta sami abin kashewa. Gwamnatin Audu Baƙo ta sa ƙarfinta a kan madatsun ruwa, mafi girma ita ce ta Tiga da aka gama a 1974, domin ta shayar da kadada 22,000 a kashi na farko na shirin noman rani na Kogin Kano, a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara alkama ce za ta zama babban amfanin rani. Manoma sun gwada, amma a ƙarshe shinkafa da tumatir suka rinjaya, kuma su ne suka mai da Kura da Kadawa abin da suke a yau. Ba a musun arzikin da shirin ya kawo wa wannan yanki. Kuskuren yana wajen iyakar lissafin. An auna amfanin da za a samu a ƙarƙashin madatsa, ba a auna abin da za a rasa a can ƙasa ba, a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda ambaliyar kowace shekara take ciyar da masu shinkafa da masunta da makiyaya. Bayan Tiga, da kuma madatsar Challawa da aka gama a 1992, ambaliyar ta ragu ƙwarai. Masana tattalin arziki da suka gwada wuraren biyu a farkon shekarun 1990 sun sami cewa ruwa ɗaya yana haifar da amfani mafi yawa, ninki da dama, idan an bar shi ya malala fadama fiye da idan an tsare shi a magudanar shirin. Mutanen fadama ba su cikin gundumar da aka auna, saboda haka ba su shiga lissafi ba.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, ya kuma ƙayyade cewa kowace ƙaramar hukuma ta ƙunshi mutum 150,000 zuwa 800,000. Jihar Kano ta sami 20. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna, kuma talakawa sun yi murna da dalili, domin zaluncin da ke tattare da karɓarsu sananne ne. Amma littafin haraji, duk da aibinsa, shi ne kaɗai rajistar da ake sabuntawa kowace shekara tun daga kan mai unguwa, kuma ba a kafa wani abu a madadinsa ba. Ƙananan hukumomi suka koma dogaro ga kason da ke zuwa daga tarayya, wanda yawan jama'a yana cikin ma'auninsa, don haka bukatarsu ga adadi mai yawa ta fi bukatarsu ga adadi na gaskiya. An cire Jigawa daga Kano a 1991, daga baya ƙananan hukumomin Kano suka kai 44, na Jigawa 27. Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, Jigawa kusan miliyan 4.4, Ungogo kaɗai fiye da 360,000. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Jami'in tsare-tsare na ƙaramar hukuma yakan ɗauki adadin 2006 ya yi ta ƙara masa kashi 3 da ɗoriya cikin 100 kowace shekara, ga ƙauyen da matasansa suka watse da kuma Ɗorayi da Ungogo da Kumbotso da birni ya haɗiye, duk ma'auni ɗaya.

Taswirar ƙauyuka mafi inganci da aka samu a 'yan shekarun baya daga ma'aikatan lafiya ta fito. Masu rigakafin shan inna sun daɗe suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, cutar kuwa tana ta ɓulla a wuraren da aka ce an gama. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam ana zana kowace mazaɓa a Kano da maƙwabtanta, ana ba masu allurar wayoyin da ke nuna inda suka taka. Sai aka tarar da ƙananan unguwanni da rugage masu yawa, musamman a kan iyakar mazaɓu biyu, waɗanda kowane ɓangare yake ɗauka na ɗayan ne, babu wanda yake zuwa. An kuma tarar cewa yawan yaran da ke rubuce a takarda a waɗansu wurare ya zarce abin da gidajen da ke cikin hoton za su iya ɗauka. Da waɗannan taswirori aka sake raba aikin gida-gida, kuma a Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Nijeriya da sauran ƙasashen yankinta na Afirka.